Daminar da Aka Raba Ƙwayar Malam

Tun shekaranjiya sama ta ƙi ɗaukewa. Marka ce sosai, irin wadda zani ba ya bushewa, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya jiƙe a cikin kwano. Ɗazu da hantsi maƙwabciyata Talatu ta shigo da buhu lulluɓe a ka, wai gwiwa ke sukarta, in sam mata ƙwaya ɗaya cikin waɗanda likita ya rubuta mini na hawan jini. Na ce ba zan bayar ba.

Ta ce, "Haba Inna Asabe, ɗaya tak?"

Na ce, "Ko ɓari. Ga kemis can bakin titi, ga asibiti."

Ta fita tana gunaguni, na kuma san kafin la'asar unguwa ta ji cewa tsohuwar nan rowa ta kama ta. To, su faɗa mana. In abinci ne a ɗauki tukunyar har da murfinta, amma magani ba na rabawa, kuma ina da dalilina.

A lokacin da nake magana ba a daɗe da barin fam da sule an koma naira ba. Kuɗin fetur ya fara yawo, samari na ta guduwa Kano aikin gini, su dawo da rediyo da agogo. Mu dai muna ƙauyenmu tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, a bayan kogi, ba gada ba titi. Da rani yaro ma tsallake kogin yake yi da gudu a kan yashi. Da damina kuwa sai yadda ya ga dama da mu. Ina da yara uku, ta ƙarshen tana goye. Ina ɗan tallan nono ranar kasuwar Gwaram, don muna da 'yan shanu da na zo da su daga gidanmu a Kangire, amma abin da ke riƙe da gidan kacokan hannun Malam ne. Sunansa ba zan kama ba, ban kama yana raye ba balle yanzu. Manomi ne na gaske, ba shi da wa ba shi da ƙane, ba wata sana'a sai fartanya da garma. In hannun nan ya tsaya, mun tsaya.

To hannun ne ciwo ya kama. Ya faro ne a hankali, bayan shekarun farin nan da suka cinye mana rumbu. Da asuba sai in ga Malam zaune bakin gado ya zuba wa yatsunsa ido, sun ƙi lanƙwasuwa. Buta ma sai ya haɗa hannu biyu ya tallabe ta. Sai rana ta ɗaga tukuna su saki. Daga nan gaɓoɓin suka kumbura, dama da hagu iri ɗaya, wuyan hannu ya bi, gwiwoyi suka bi. In ka taɓa wurin zafi rau, shi kuma yana cewa sanyi yake ji har cikin ɓargo. Aka ce sanyi ne. Wanzami ya yi ƙaho har bayansa ya zama duk tabo. Aka yi turare, aka sha saiwa mai ɗacin tsiya, na ƙarar da man shanuna wajen murza. Wallahi ko gezau.

Da bazara ta kama, ya kai ko igiyar wandonsa ba ya iya ɗaurewa, sai na sa kuka na ce mu tafi asibiti. Aka ɗora shi a jaki har titi, muka hau motar kasuwa zuwa Birnin Kudu. Likita ya duba, ya lallatsa, ya ce amosanin gaɓoɓi ne, irin wanda jiki ke cin kansa da kansa. Ya tura mu wurin malamin asibiti mai ba da magani, wani siririn mutum mai tabarau, shi ya miƙo mana kwalba cike da 'yan ƙananan ƙwayoyi farare. Har na miƙe ya ce in zauna.

Ya ce, "Ke ce matarsa? To ki buɗe kunne, don na ga shi hankalinsa na gona. Wannan ba ta warkarwa, danne ciwon take yi. Kullum da safe, bayan ya sa wani abu a ciki. In ya ji sauƙi kada ya bari. Kuma babban abin, ba a yanke ta farat ɗaya. In jiki ya saba da ita aka yanke, ba ciwon kaɗai zai dawo ba, jikin gaba ɗaya zai zube. Ana rasa rai a haka. Kafin kwalbar ta ƙare ku dawo. Kin ji?"

Na ce na ji. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji tun daga ranar.

Ikon Allah, ba a yi mako ba Malam ya ɗaure wandonsa da kansa. Kumburi ya saɓe. Ya fara cin tuwo kamar mai ramuwa, kumatu suka cika, har mutane na tsokanarsa wai ko amarya ce ta shigo ba a gaya musu ba. Mutumin da aka gani ana ɗora shi a jaki, sai ga shi ya saɓa garma ya nufi gona. Gari ya ɗauka. Kowa ya buɗe baki sai ƙwayar Malam, ƙwayar Malam. Ni kuwa na ɓoye kwalbar a cikin ƙwaryar da ke can ƙasan jerena, kullum da safe in dama kunu in ba shi, in tsaya a kansa sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Mun koma Birnin Kudu mun sake karɓowa ba sau ɗaya ba, ba mu taɓa bari ta kai ƙasa ba.

Ruwa ya sauka da kyau a shekarar. Muka yi shuka, shi yana sara ni ina zuba iri ina takewa. Noman fari ya yi shi da kansa, a hankali, yana yi yana hutawa. Amma ƙarfin nasa ba irin na da ba ne. Da lokacin maimai ya zo, ciyawa ta fi ƙarfinsa, ta taso tana neman shaƙe geron. Ga shi lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sai ka shiga ciki da ƙafa ka kankaro. Tuwo sau ɗaya a yini, sauran a cike da tafasa da rama. Yara su kwana suna juyi.

Sai Baba Jibo, ƙanen mahaifin Malam, wanda shi ne babba a dangi, ya ce a yi masa gayya. Wanda bai san gayya ba, ita ce mazan gari su taru da fartanyoyinsu su nome gonar mutum a yini ɗaya, ba lada, sai abinci da godiya. Na kankare rumbun tas. Mata suka taya ni daka tun da sassafe, muka yi fura, muka tuƙa tuwo da miyar kuka, na kawo duk nonon da na tara. Aka zo da mai ganga. Kai, ranar gonar nan ta yi kyau! Maza sun jeru kafaɗa da kafaɗa, ƙasa baƙa jiƙaƙƙiya tana juyewa, ƙamshinta na tashi, gumi na zuba, ana ihu ana yi wa na baya dariya. Kafin la'asar ba ka ganin ciyawa ko ɗaya. Na ga Malam ya juya baya yana share ido da hannun riga.

Aka zauna gindin ɗorawa ana ci. Ina kawo tulun ruwa ke nan na ji Baba Jibo ya yi miƙa, ya dafe ƙugu ya ce, "Wash! Bayan nan nawa ya gama yawo. Kai ɗana, ina 'yar ƙwayar nan taka da ake labari? A sam mini ɗaya in ji abin da kake ji."

Kafin Malam ya buɗe baki wani ya ce shi ma kafaɗa, wani ya ce gwiwa, Audu ɗan fito, mai ƙetarar da mutane kogi, ya ce shi tasa ta tsohuwarsa ce da ba ta iya tashi. Duk suka juyo suna kallonsa, hannuwansu duk kanta da ƙasar gonarsa.

Malam ya ce, "Asabe, ɗauko kwalbar nan."

Na ce, "Malam, ai na manta inda na ajiye."

Ya ɗago ya dube ni. Bai taɓa yi mini irin kallon nan ba. A hankali ya ce, "Ki tuna."

Yanzu mai ji zai ce me ya hana shi cewa a'a. Hmm. Ba a wurin kake ba. Mutum ya bar tasa gonar, da yunwarsa, ya ƙone a rana saboda 'ya'yanka, sannan ya roƙe ka abin da bai kai ƙwayar masara ba, a gaban jama'a, kuma baffanka ne. Da wane bakin? A garinmu ko gishiri ka sayo sai ka ɗiba wa maƙwabta. Magani kuwa ba a taɓa jin an hana ba, saiwa ce in ka haƙo kowa nasa ne. Ba wanda ya san akwai maganin da aka ƙidaya wa mutum ɗaya.

Na koma gida na ɗauko kwalbar. Na zazzage kaɗan na ƙulle a haɓar zanina, na kawo sauran. Kwalbar ta zaga gindin ɗorawar nan daga hannu zuwa hannu. Wani ya haɗiye nan take, wani ya soke a naɗin hula zai kai gida. Ta dawo wurina ba komai ciki sai auduga. Aka yi addu'a, aka shafa, kowa ya saɓa fartanyarsa yana sa albarka.

Da muka koma gida na kasa haƙuri, na ce, "Malam, ka kashe mu! Ka manta abin da mutumin nan ya ce?"

Ya ce, "Ban manta ba. To ya kike so in yi? Ranar kasuwa sai mu je mu karɓo. Ki daina ɗaga murya, yara na ji."

Ranar kasuwa ba ta same mu ba. Da magariba gabas ta haɗe baƙi ƙirin, aka tsuge, kuma ba a ɗauke ba. Irin markar yau ce, sai dai ta fi ta naci. Katangar bayan gida ta zube. Itace ya jiƙe, in na hura wuta hayaƙi kawai ke tashi, idona ya yi ja. Kwaɗi suka cika tsakar gida. Daga ɗakina ina jin kogi yana ruri, ba dare ba rana, har ya haura ya shiga gonakin fadama. Audu ya jingine gorarsa ta fito ya ce ba ya ƙetarar da kowa.

'Yan ƙwayoyin haɓar zanina na yi ta ja da su. Na koma fasawa biyu da haƙori ina ba shi ɓari-ɓari. Kullum in kwance ƙullin in duba, kamar dubawar za ta ƙara su. Ran da na ba shi ɓarin ƙarshe, na lashe garin da ya maƙale a yatsana don takaici, sannan na fita bayan ɗaki na yi kuka mai isata.

Ciwon ya dawo da fushi. Yatsu suka kumbura suka ƙandare a lanƙwashe, gwiwa ta yi kamar tulu. Ko mayafi na ja a kansa sai ya yi ƙara. Wannan na san shi, na taɓa gani. Abin da ban taɓa gani ba shi ne wanda ya biyo baya. Amai ya sarƙe shi, ko ruwa ba ya zama. In na ɗaga shi zaune sai idonsa ya juye ya sulale. Jikinsa ya yi sanyi ƙalau, ga gumi na tsattsafowa. Mutumin da ba ya wasa da salla, aka kira azahar ya tambaye ni ko asuba ce. Wata safiya ya dube ni ya kira ni da sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba a rayuwata.

Na ruga wurin Baba Jibo cikin ruwa, na durƙusa a zaure na ce a taimaka a sami wanda zai je Birnin Kudu.

Ya ce, "Ke 'yar nan, kin ga kogin kuwa? In tura ɗan wani ya mutu? Ni ma fa na sha ƙwayar nan, ban ga abin da ta yi mini ba. Gara ma da ta ƙare. Maganin da zai mai da mutum bawansa ba magani ba ne. Dafinta ne ke fita, ki bari ya fita. An jima zan turo wanzami."

Na ce, "Baba, malamin asibiti ya ce ana mutuwa."

Ya ce, "Malamin asibiti ne ke da rai? Tashi ki koma ɗakinki."

Na tashi, amma ba ɗaki na zauna ba. Na kwance goyona na miƙa wa Gwaggo, yayar Malam, na ce ta ba ta ruwan kunu in ta yi kuka. Na ɗauki kwalbar da katin asibiti na naɗe a leda na cusa cikin kitsona, na ɗaure da kallabi tamau. Na tafi gidan Audu.

Ya ce, "Inna Asabe, ki rufa mini asiri. Ruwan nan ko ni tsoronsa nake ji."

Na ce, "Da kake soke ƙwayar mijina a hularka ba ka ji tsoro ba. Ga shi can yana mutuwa. Ko ka ƙetarar da ni, ko in shiga da ƙafata kana kallo, ka zaɓa."

Ya sunkuyar da kai. Can ya shiga ya fito da gorar.

Ƙatuwar gora ce rufaffiya. Kai za ka rungume ta da ƙirji, shi ɗan fito ya yi iyo yana tura ka. Ni ban iya ruwa ba ko kaɗan. Ruwan ja ne wur, ga sanyi, yana tafe da rassa da karan dawa, har da mushen akuya na gani ya wuce ta gabana. Da ƙafata ta bar ƙasa na fara salati da ƙarfi. A tsakiya wani abu ya bugi ƙafata, gorar ta juya, na sha ruwa ta hanci, na ji Audu na ihu, "Kada ki saki! Kada ki saki!" Ban san lokacin da farcena ya karye a jikin gorar ba. Ruwan ya ja mu can ƙasa da mashigi, muka fita a cikin wata gonar rake, ina amai ina tari. Abin da na fara yi shi ne taɓa kaina in ji ko ledar na nan.

Na yi ta tafiya cikin taɓo har titi. Nono ya cika mini ƙirji ya yi tauri, yana zuba yana haɗuwa da ruwan sama. Allah ya kawo wata tifa mai ɗibar tsakuwa ta masu aikin hanya, direban ya ga yadda nake ya tsaya, na hau baya na zauna kan tsakuwar har muka hango duwatsun Birnin Kudu.

Na sami mai tabarau a tagarsa. Na ajiye kwalbar, na faɗa masa komai ban rage ba. Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya. Bai yi ba. Ya cire tabarau ya riƙe, ya tambaye ni tun yaushe, yana amai, yana gane mutane. Ya shiga wurin likita ya daɗe. Da ya fito ya cika kwalbar, ya nuna mini yadda zan ƙara a kwanakin farko, ya ce in daka ta in jiƙa a ruwa mai ɗan gishiri da sukari, in riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan ko da yana amai.

Ya ce, "Ruwa na janyewa ku kawo shi. Ki yi sauri, Inna. In kin same shi..." Sai ya yi shiru, ya ce, "Ki dai yi sauri."

Wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo. Shi na yi ta ji a kunnena har bakin kogi. Audu na nan zaune inda na bar shi, a jiƙe, yana rawar ɗari, bai koma ba. Ƙetarewa ta biyu ban ma ji tsoron ruwan ba, hankalina na gida.

Rana ta yi ƙasa muka shiga gari. Ina tafe ina kasa kunne ko zan ji kukan mata. Da na karyo kwanar gidanmu na hango maza zaune jere a ƙofar zaure, kan tabarmi, shiru, Baba Jibo a tsakiya da carbi. Na san irin zaman nan. Na tsaya cak a cikin taɓo na kasa gaba na kasa baya, sai Gwaggo ce ta leƙo ta daka mini tsawa, "Ke Asabe, tsayuwar me kike yi? Yana numfashi! Shigo!" Ashe jira suke yi kawai, an ce musu abin ya kusa. Na ratsa ta tsakiyarsu ban gai da kowa ba.

Na daka, na jiƙa, na ɗaga kansa a cinyata ina ɗura masa da ludayi. Na farko ya dawo. Na sake. Haka muka yi ta yi. Washegari da hantsi ya buɗe ido ya ce, "Asabe, ina yarinyar? Ban ji kukanta ba." Na ce alhamdu lillahi, na fashe da kuka.

Rai ya tsira. Da ruwa ya janye aka ɗora shi a jaki har titi, muka kai shi asibiti, aka kwantar da shi. Gwiwoyi suka saki, ya miƙe da sanda. Yatsun ne suka ƙi. Sun karkace gefe guda, sun lanƙwashe zuwa tafin hannu. Likita ya ce da ma ciwon na cin gaɓoɓin a hankali, amma wannan tashin da doguwar kwanciyar su suka ƙarasa. Malam bai yarda ba. Kullum da safe zai sa in kawo ruwan ɗumi ya tsoma hannu, yana cewa kafin girbi za su miƙe. Ni ma ina taya shi faɗa, don ban da abin cewa.

Gero kuwa ya yi kyau a shekarar, irin kyan da gonar ba ta taɓa yi ba, gayyar nan ta yi aiki. Ran da ya fara nuna na karyo zangarniya na gasa mana tumu a tsakar gida. Yara suka kewaye wuta suna tsalle, yunwa ta ƙare. Na zaɓi mafi girma na miƙa wa Malam, don shi ke fara ci a al'adar gidan. Ya karɓa ya sa tsakanin hannuwansa zai murza. Ta zame ta faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka da ƙyar, ya sake gwadawa, ya cije leɓe, ko ƙwaya ɗaya ba ta fita ba. Yara suka zuba masa ido.

Na ce musu, "Kai, ku tafi zaure ku ci naku, kun cika mini wuri."

Da suka fita na ɗauki zangarniyar na murza a tafina, na hure ƙaiƙayin. Na miƙa masa, ya buɗe hannu zai karɓa, hannun bai buɗu ba. Muka dubi juna. Ya daɗe yana kallon ƙofar zaure, ya tabbata ba mai leƙowa.

Sannan ya ce, "Zuba mini a baki, Asabe."

Na zuba masa.